Hannun Magini Sadiƙu

Ranar da Fiddausi ta dawo gidansu na Limancin Kona, buhunan siminti ne suka fara tarbarta a zaure. An jera su har ƙugun mutum, an lulluɓe da leda. Shekara shida ta yi a Malesiya tana koyon zane da kwamfuta, a shekarun nan kuwa ruwan sama ya ƙarasa cinye fuskar zauren. Inda da ado yake, yanzu sai tudu da kwari, kamar an lashe bangon.

Kakanta, Magini Sadiƙu, shi ya yi adon da hannunsa. Ya rasu tun ba a haife ta ba. Ta tashi tana wuce bangon safe da yamma, ba ta taɓa tsayawa ta dube shi ba. Hoton bangon ɗaya ne a duniya, wani hoton suna da aka ɗauka a ƙofar gida, shi ma kawunan 'yan suna sun rufe komai sai rabin ƙafar keke a can sama.

Sai da ta huta kwana biyu sannan ta sami Baffa Jibril, yayan marigayi mahaifinta, wanda gidan yake hannunsa. Yana zaune a zauren da rediyo a cinya.

"Baffa, simintin nan na mene ne?"

"Na kunu ne," in ji shi. "Bango za a shafe mana, Fiddausi. Kina ganin hadari ya fara leƙe. In damina ta same shi a haka, zauren ne gaba ɗaya zai zauna."

"Ai ana iya mayar da adon."

"Wa zai mayar?"

"Malam Sagiru. Na tambaye shi jiya. Ya ce in ya ga yadda yake, zai yi."

Sagiru maginin unguwar ne, mahaifinsa a hannun Magini Sadiƙu ya koyi sana'a, kuma yana cikin 'yan kaɗan da suka rage masu taɓa ginin ƙasa. Baffa ya rage muryar rediyo.

"In ya ga yadda yake. A ina zai gani? Ni ba za a ƙago wani abu a manna mini a ƙofar gida ba, mutane su riƙa wucewa suna cewa na Baba ne. Ko nasa, ko siminti."

"Zan zana shi."

"Ke da ba ki san shi ba?"

"Gwaggo ta sani."

Baffa ya dube ta ta saman tabarau. Shekara talatin da biyar ya yi a ofis, bai saba da magana marar rana ba.

"To. Asabar ta sama masu shafe za su zo. In kafin nan kin kawo hoto, Yaya Sailuba ta duba ta ce na Baba ne, a kai simintin wani wuri. In ta ce a'a, kada in ji bakinki."

Gwaggo Sailuba ita ce babbar 'yar maginin. Ta haura saba'in, har yanzu kuwa ɗinkin hula take yi, ba ta buƙatar a zana mata komai a ƙyalle. Tana yarinya ita take kai wa mahaifinta fura wurin aiki. Da Fiddausi ta faɗa mata abin da ake ciki, sai ta zare tsinke daga tsintsiya, ta share ƙasa da tafin hannu a gaban ɗakinta.

"Nan ƙofa. Bisa ƙofa dagi, babba, kunnuwansa huɗu. Nan takobi, nan takobi, bakinsu ƙasa. Ta hannun dama buta. Can sama keke."

"Me ya kawo keke?"

"Ya so ya saya, bai samu ba, sai ya ɗora shi a bango. Ya ce wannan ba ya faci."

Kwana uku suka yi a haka. Gwaggo ta zana a ƙasa, Fiddausi ta ɗauka da waya, ta ɗora a allon kwamfuta, ta bi layin da alƙalaminta na roba. Rabin ƙafar keken nan na hoton suna shi ya ba ta ma'auni, daga shi ta auna sauran. Gwaggo tana gefe da allura a hannu, ba ta ko ɗago kai sosai.

"Sauke takobin kaɗan. Ke, butar ba ta da ciki haka, ba randa ba ce."

A rana ta huɗu zanen ya kammala, layi tsaf, launin ƙasa shimfiɗe ko'ina bai ɗaya. Gwaggo ta ajiye hula ta duba.

"Wannan ai atamfa ce."

"Ƙashi ne kawai, Gwaggo. Ban sa masa fata ba tukuna."

"A ina za ki samo fatar?"

"A jikin wani bangon."

Aikin da ta je koyo ke nan, kuma ta iya shi. Manhajar tana aiki hawa-hawa, kamar a jera ƙyallaye ɗaya bisa ɗaya. Zane a ƙasa, hoton bango na gaske a bisansa. Sai a rage kaurin hoton har zanen ya leƙo ta cikinsa, yadda kaya suke leƙowa ta mayafi mai shara-shara. Sannan a sa manhajar ta haɗa duhun na sama da na ƙasa, tsagar bango da ƙwayar yashi su zauna a jikin layin kamar tare aka haife su. Abin da ya rage na hannu ne: inuwa a gefe guda na kowane layi, ɗan haske a ɗaya gefen, har adon ya kumbura ya fito daga bangon.

Ta ɗauki kyamara ta nufi Ƙofar Gayan, inda ta san wani tsohon gida da siminti bai kai gare shi ba. Mai gidan ya ba ta izini yana mamakin mai ɗaukar hoton bango babu mutum a ciki. Bangon yana da kyau, ja mai duhu, ya sha makuba, ruwan ɓawon ɗorawa da magina suke shafawa don kada ruwan sama ya ratsa. Sawun yatsun mai yaɓe yana nan a jikinsa, gaɓa-gaɓa, kamar sawun tsintsiya a tsakar gida.

Kwana biyu ta yi tana haɗawa. Da ta gama, ita kanta ta san ya yi. Ta kai kwamfutar ɗakin Gwaggo, Baffa ma ya biyo baya, wai ya zo karɓar goro ne. Da ya ga allon sai ya cire tabarau, ya goge, ya mayar.

Gwaggo ta daɗe tana kallo.

"Ya yi kyau," ta ce. "Na wane ne?"

"Na Kaka mana."

"Wannan hannun dama ne."

Fiddausi ta dubi Baffa. Baffa ya dubi rufin ɗaki.

"Baba bahago ne," in ji Gwaggo. "Malamin allo ya dake shi har ya koma ci da dama, rubutu da dama. Amma ƙasa da hagu yake riƙe ta, babu wanda ya isa ya hana shi. Dubi nan. Mai wannan bangon daga hagu yake jan ƙasa ya gangaro dama. Nasa akasin haka ne."

"Wannan ba komai ba ne," in ji Fiddausi.

Ta zaɓi hoton bangon shi kaɗai, ta danna, ya juya kamar a madubi. Sawun da yake gangarowa dama ya koma gangarowa hagu. Abin bai ɗauki daƙiƙa uku ba.

Gwaggo ta yi dariya har ta tafa cinya.

"Jibril, ka ga abin da suka koya mata? Ta juya mutum kamar waina. To, Baturiya, ƙirga mini. Layi nawa ne a kowane ja?"

"Huɗu."

"Nasa uku. Azara ta faɗo masa a hannu yana saurayi, ƙaramin yatsan ya ƙage ya lanƙwashe ciki. Bai ƙara taɓa bango ba."

"Gwaggo, sai yanzu kike faɗa?"

"Kin tambaya ne?"

Baffa ya ɗauki goronsa. A bakin ƙofa ya tsaya ya ce, "Yau Litinin," ya fita.

Fiddausi ta gwada abin da kowa zai gwada. Ta ƙara girman hoton, ta shiga goge layi na huɗu ɗaya bayan ɗaya, tana cike gurbin da ƙasar gefensa. Bayan awa biyu ta ja baya ta duba. Layi uku ne, amma tazararsu ta hannu mai yatsu huɗu ce, kowane ja yana da gurbi kamar bakin mai giɓi. Hannun da ya rasa yatsa ba haka yake danna ƙasa ba. Nauyinsa yana komawa wani wuri, kuma ba ta san ina ba. Ba sai ta kai wa Gwaggo ba. Ta rufe, ba ta adana ba.

Bangon da ya taɓa da hannunsa take bukata. A gidansu babu: tun shekarar da aka jawo wuta aka shafe ɗakunan ciki da siminti, fuskar zauren kuma ruwa ya suɗe.

Talata da Laraba Malam Sagiru ya ajiye aikinsa ya zaga da ita. Mutum ne mai kimanin shekara hamsin, gajere, ƙasa ta ci faratansa. Gida huɗu ya sani waɗanda Magini Sadiƙu ya gina. Na farko ya zama kango, ana shanya gero a ciki. Na biyu an yi masa tayil har sama. Na uku an mai da shi shaguna, ana sayar da cajar waya. A na huɗu matar gidan ta ce da sun zo bara.

Suna dawowa, hadari ya haɗu ta gabas, ya yi duhu, iska ta ɗebe shi bai zuba ba. Sagiru ya bi shi da ido.

"Wannan gaisuwa ce kawai," ya ce. "Na gaba da kayansa zai zo."

Sun kusa gida ya tsaya cak a tsakiyar lungu.

"Hajiya, tsaya. Wusasa."

"Me ke Wusasa?"

"Baba yakan ba da labarin wani ɗaki da suka yi wa wani malamin makaranta, Malam Dickson. Ya ce wata guda suna zuwa a ƙafa, matar gidan tana dafa musu wake. Waken ne bai manta ba. Ban san ko gidan yana nan ba."

Alhamis da hantsi suka hau keke mai ƙafa uku. Tambaya biyu ta kai su, don a Wusasa har yanzu akwai tsofaffin da Malam Dickson ya koya wa lissafi da bulala. Gidan yana bayan wata bishiyar mangwaro, rufin kwano, an yi masa fenti shuɗi. Wata dattijuwa mai farin kai tana tsince shinkafa a baranda. Ita ce Mama Priskila, 'yar malamin, tsohuwar malamar asibiti.

Suka gaisa, ta ba su kujera da ruwa, sannan Fiddausi ta yi bayani. Mama Priskila ta ajiye farantin shinkafa.

"Ke jikar Bahago ce? Tashi in gan ki. Allah mai iko, goshin ne sak. Ina 'yar shekara tara ya gina ɗakin can. Mamata ta ware masa buta da tabarma a ƙarƙashin mangwaron nan, in azahar ta yi mu ake korawa kada mu gitta masa."

"Ɗakin yana nan, Mama?"

"Ina za shi? Ya fi sauran gidan lafiya. Zo ki gani."

Fiddausi ta shiga, ta tsaya. Bango huɗu, duk sumul, siminti da fenti shuɗi. Ta shafa da hannu don ta tabbata. Ta fara mayar da murfin kyamara.

"Ɗana Arthur ne ya sa aka shafe, shekara goma ke nan," in ji Mama Priskila. "Wai ƙasa tana zubo masa a kan littattafai."

"Ba komai, Mama. Mun gode."

"Ina za ki? Ban gama ba. Kin ga wancan?"

Wani kabad ne na katako, baƙi, ya kusa taɓa rufi, faɗinsa ya kai na gado.

"Babana ya sayo shi ɗakin bai gama bushewa ba. Maza shida suka shigo da shi. Tun ranar bai motsa ba. Masu siminti sun gwada, suka ce ba su zo karya baya ba, suka zagaye shi."

Ta leƙa ta taga ta ƙwala kira. Arthur ya fito daga shagon ɗinkinsa na ƙofar gida, ƙato ne mai furfura a gemu, da tef a wuya.

"Mama, kabad ɗin Kaka? Ai ya yi saiwa."

"To ka tuge shi. Baƙi ne da mu."

"Ina da ɗinkin mutane."

"Mutanen za su mutu ne kafin azahar?"

Aka kwashe kwanoni da tsofaffin littattafan waƙoƙin coci. Arthur da Sagiru suka kama, aka kira mai keken da ya kawo su ya sa hannu, yana cewa wannan ba ya cikin jinga. Kabad ya yi ƙara, ya ja da ƙyar, taku ɗaya, taku biyu. Tsaka biyu suka fita a guje. A ƙasa akwai takalmin yaro ƙafa ɗaya da wani cokali.

"Cokalina!" in ji Mama Priskila. "Saboda shi aka dake ni."

Fiddausi ba ta ji ta ba. A tsakiyar shuɗin nan ga wani fili ja mai duhu, tsawon mutum da rabi. Mama Priskila ta kawo tsintsiya mai laushi ta share yanar gizo a hankali. Sawun ya fito, yana tasowa daga dama yana gangarowa hagu. Uku, uku, uku. A ƙarƙashin kowane ja akwai wani ɗan shafaffen wuri inda gindin tafin hannu ya danne ƙasa, wurin da nauyin ya koma.

Ta ɗora hannunta na hagu a kai. Ƙaramin yatsanta bai sami wurin zama ba. Ta janye, ta buɗe kyamara.

Ɗakin yana da duhu. Ta kunna fitilar kyamara, hoton ya fito fayau kamar allo, hasken ya cike kowane rami, sawun ya ɓace. Ta kashe, hoton ya fito baƙi.

"Haske nake so daga gefe," ta ce. "Ya kwanta a jikin bangon, kowane layi ya yi inuwarsa."

"Rana ba ta shigowa nan sai watan Kirsimeti," in ji Arthur.

Mama Priskila ta fita, ta dawo da wani babban tire na silba, irin wanda ake fito da shi ranar biki.

"Arthur, je ka tsakar gida ka taro mata rana."

Ya tsaya a rana da tire a ƙirji, yana karkata shi. Hasken ya yi yawo a rufi, ya dalle idon Sagiru, sannan ya shigo ta ƙofa ya kwanta a bangon. Sawun ya miƙe tsaye kamar yanzu aka ja shi.

"Nan! Kada ka motsa, Yaya Arthur."

"Hannuna yana rawa."

"Ƙato kamarka," in ji uwarsa. "Riƙe."

Hoto arba'in da wani abu ta ɗauka, na nesa da na kusa, sama da ƙasa. Da ta gama sai ta durƙusa ta ce, "Mama, Allah ya saka da alheri." Mama Priskila ta ce amin, ta ce kuma babu mai fita gidan nan bai ci wake ba.

Juma'a tun da safe ta zauna. Babu wuta, sai ta kai kwamfutar gidan maƙwabta masu sola, ta yi aiki a barandarsu.

Matsalar farko girma ce. Filin bayan kabad bai kai kashi ɗaya cikin biyar na fuskar zauren ba. In ta maimaita hoto ɗaya gefe da gefe, ido zai kama tsaga ɗaya tana dawowa kamar zanen tabarma. Sai ta yanko gutsattsari daga hotuna daban-daban, ta jera, ta bi bakin kowanne da buroshi mai laushi tana narkar da shi cikin na kusa da shi, har ɗinkin ya ɓace. Ko ɗaya ba ta juya ba. Inda gutsure ya ƙi zama, ta cire shi ta nemo wani.

Ta biyu launi. Bangon ɗaki bai taɓa ganin rana ba, ya fi na waje duhu. A ƙarƙashin indararon zaurensu akwai wani ɗan wuri kamar tafin hannu da ruwa bai ci ba. Ta je ta ɗauko hotonsa, ta ɗebi launinsa, ta shimfiɗa a kan sauran a hankali, ba ta taɓa ramukan sawun ba.

Sannan ta sauke fatar a kan ƙashin. Dagi, takubba, buta, keke. A jikin layukan adon ta yi amfani da siraran yanka, tana lanƙwasa su su bi layin yadda yatsa zai bi. Zauren gabas yake kallo, don haka ta sa inuwar ta faɗi yadda take faɗi da hantsi, lokacin da yarinya za ta iso da ƙwaryar fura. Bayan la'asar ta kai Tudun Wada aka buga mata a babbar takarda, guda biyu.

Asabar da safe masu shafe suka iso, su uku, da shebur da kwanon kwaɓa. Baffa ya ce su ɗan jira. Sagiru yana tsaye a gefe, hannu a baya. Fiddausi ta shimfiɗa takardar a kan buhunan siminti, ta danne kusurwoyin da duwatsu.

Gwaggo Sailuba ta fito da mayafi, ba ta gaggawa. Ta tsaya a kan takardar. Ta dubi dagin, ta dubi butar. Ta sunkuya har hancinta ya kusa taɓawa. Sai ta fito da hannunta na hagu daga mayafi, ta naɗe ƙaramin yatsa, ta ɗora sauran ukun a kan wani ja, ta bi shi daga dama zuwa hagu. Ta ƙara bin wani.

Ɗaya daga cikin masu shafen ya yi tari.

"Sirdin keken ya cika tsawo," in ji Gwaggo.

"Yaya," in ji Baffa, "mutane suna jira."

"Su jira mana. Shekara nawa na yi ina jira?" Ta miƙe, ta gyara mayafi. "Nasa ne."

Ta juya ta koma cikin gida da sauri fiye da yadda ta fito. Babu wanda ya bi ta.

Baffa ya daɗe a kan takardar. Sannan ya juya wurin masu shafe.

"Ku kwashe simintin nan ku kai bayan gida. Kwatar can ta daɗe tana neman gyara."

Sagiru ya matso, yana kallon hoton yana kallon hannunsa.

"Alhaji, zanen zan yi shi, in sha Allahu, kafin ruwa. Amma ni na dama ne, yatsuna kuma cif suke. Wannan sawun ba zan iya ba."

"Wa ya ce ka iya?" Muryar Gwaggo ce daga bayan ƙofa, ashe ba ta yi nisa ba. "Zanen nasa, hannun naka. Kada ka yi masa ƙarya a bango. Ka dai rage sirdin."

A ranar Sagiru ya aika a kawo ƙasa.

Lahadi bayan la'asar, lokacin da suka tabbata an tashi daga coci, Baffa ya sa babbar riga, ya sa aka ɗauko kwandon goro da takarda ta biyu a naɗe. Fiddausi ta ce ita za ta iya kaiwa. Ya ce irin wannan godiya ba a aike. Gwaggo, wadda ta shekara ba ta wuce bakin lungu ba, ita ta riga kowa shiga mota.

Mama Priskila ta tarbe su a ƙarƙashin mangwaro. Aka yi gaisuwa mai tsawo, Baffa ya yi godiya, ta ce babu abin da ta yi, kabad ne ya yi. Ta warware takardar, ta ce keken nan ta san shi, sun taɓa wucewa ta ƙofar gidan da babanta tana yarinya. Gwaggo ta ce ita ma ta san waken gidan nan, don sau biyu mahaifinta ya kawo mata a ganye.

"Ina bangon?" in ji Gwaggo.

Suka shiga. Kabad ya koma wurinsa, kwanoni a jere a ciki.

"Na sa an mayar," in ji Mama Priskila. "Shi ya tsare shi duk shekarun nan. Na ce kada in zo in yi masa wayo."

"Kin yi daidai, Mama," in ji Fiddausi.

"Daidai ne," in ji Gwaggo. Ta nemi kujera ta zauna tana fuskantar kabad ɗin, ta ajiye jakarta a cinya. "Amma ni ban zo daga cikin birni don in kalli katako ba."

Mama Priskila ta leƙa ta taga.

"Arthur!"

Ya shigo, ya dubi kabad, ya dubi tsofaffin nan biyu. Ya cire tef daga wuya ya miƙa wa Fiddausi. Baffa Jibril ya tuɓe babbar riga, ya naɗe hannun rigar ciki, ya kama ɗaya gefen kabad ɗin.